An sallamo Hajiya gida, an ce ba sauran magani: me ya rage a yi mata?

Tambaya: Mahaifiyarmu shekararta 64, ta shekara 3 tana fama da sankarar nono. Yanzu an ce ta bazu har ƙashi da huhu, likitoci sun tsayar da kemo, wato maganin yaƙi da sankarar da ake sa mata, sun sallamo mu. Ciwo yana hana ta barci, abinci ta kusa daina ci, gyambon nonon kuma yana wari. An rubuta mata morfin, maganin ciwo mai ƙarfi, amma yayanmu ya hana a ba ta, wai shi ke ƙarasa mutum. Kawunmu ya ce a nemo mai zuwa yana sa mata ƙarin ruwa kullum. Ita dai ba mu gaya mata komai ba. Ni ke jinyarta, na rasa ta inda zan kama.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri. Ni nas ce, aikina jinyar masu cutar da ba a sa ran warkewarta, a asibiti da kuma a gidajensu. Zan amsa miki bisa abin da kika bayyana, amma adadin duk maganin da zan ambata, likitan da ya duba ta shi zai yanke.

Abin da aka tsayar shi ne yaƙi da sankarar kanta. Ciwo, haki, wari, rashin barci, duk suna da magani, kuma yawancinsa a ɗakinta za a yi shi, da hannunku. Daga yau duk shawarar da wani ya kawo, ki auna ta da tambaya ɗaya: wannan zai rage wa Hajiya wahala, ko mu zai kwantar wa hankali? Yawancin wahalar da nake tararwa a gidaje ba ta rashin ƙauna ba ce. Ƙauna ce da tsoro, da gudun kada dangi su ce an zuba mata ido.

Wannan jinya ta rage wa mara lafiya wahala fanni ne mai zaman kansa, ana kiran sa faliyatib. Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, kuma ita ta yaɗa tsarin ba da maganin ciwo a kan agogo maimakon jira sai mara lafiya ya yi kuka. Tsarin da ya fi kama da rayuwarmu shi ne na Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993: ma'aikata su bi mara lafiya gida da morfin na ruwa mai araha, iyali su yi jinyar. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe nasa sashen a 2007, yanzu kuma manyan asibitoci da dama suna da shi. Ki koma inda aka sallame ku ki nemi a haɗa ku da sashen faliyatib ko asibitin kula da ciwo, kada ki fito sai da lambar wayar wanda za ki iya kira da dare. Idan wani a gida yana ganin wannan miƙa wuya ne, ki gaya masa wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa musu da irin wannan jinya tun da wuri sun fi samun natsuwa, kuma matsakaicin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, na sauran wata 8.9. Ba alkawarin ƙarin kwana nake yi miki ba, kwana na Allah ne. Ina nuna miki ne cewa rage wa mutum wahala ba ya rage masa kwana.

Ciwo shi ne na gaba da komai, domin mai ciwo ba ya ci, ba ya barci, ba ya iya zikiri. Iyayenmu mata kuwa ba sa faɗin ciwo. Ki ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, alhali ta kwana tana cije leɓe. Sai ki sauya tambaya. Ki ce ta nuna miki wurin da hannu. Ki ce ta ɗaga yatsu, 1 ɗan kaɗan, 5 wanda ba ya jurewa. Ki tambaye ta irinsa, zugi ne, suka ce, ko zafi mai tafiya yana bin hannu ko ƙafa, domin kowanne da maganinsa. Ki kuma kalli goshinta da yadda take riƙe numfashi idan an juya ta.

Tsoron yayanku ba daga sama ya faɗo ba. Duk mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Sannan a asibitocinmu an saba ba a fito da morfin sai mutum ya kai gargara, a yi masa yau ya cika gobe, dangi su ce allurar ce. Cutar ce ta ɗauke shi, maganin dai ya zo a makare. Morfin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa a hankali gwargwadon ciwo, ba ya gajarta rai, kuma akwai masu shan sa wata da watanni suna hira, suna salla, suna zuwa biki. Mai shan sa saboda ciwon sankara da ƙyar ƙwarai ake ganin ya koma ɗan maye. Idan nan gaba aka ƙara mata adadi, cutar ce ta ƙaru, ba jaraba ba ce. Akwai kuma lissafin da nake so ki yi wa 'yan gidanku tun yanzu: maganin da ake ba da shi duk bayan awa 4, duk lokacin da ajali ya zo, ba makawa zai faɗo cikin awa 4 da shan na ƙarshe. Wanda ya ba da na ƙarshen nan kada ya ɗora wa kansa laifi, kada kuma a ɗora masa. Wasu kuma tsoronsu kada maganin ya gusar mata da hankali ta kasa kalmar shahada. Wannan damuwa ce ta gaske, ina girmama ta. Amma abin da na fi gani yana ɗauke hankalin mara lafiya shi ne azabar ciwon da aka bari. Wadda ciwonta ya lafa ita ke riƙe carbi. Neman magani kuma bai taɓa kore haƙuri ko tawakkali ba.

Morfin na ruwa yana fara aiki bayan kamar minti 20 zuwa 30, ya daɗe kimanin awa 4. Shi ya sa ake ba da shi a kan agogo, misali ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare, ko tana jin ciwo a lokacin ko ba ta ji. Wasu likitoci kan ninka na ƙarfe 10 na dare don kada a tashe ta da tsakar dare. Idan aka jira sai ciwo ya taso, sai an sha wahala kafin ya kwanta, kuma ita za ta zauna kullum cikin fargabar dawowarsa. Ga tsoho mai rauni akan fara da miligiram 2.5 zuwa 5. Ki roƙi likita ya rubuta miki na ko-ta-kwana, wato wanda za a ƙara idan ciwo ya ɓullo tsakanin lokuta, ko rabin awa kafin wankin gyambo. Ki auna da sirinji, ban da cokali, kuma duk sabuwar kwalba ki sa mai ba da magani ya nuna miki mililita nawa za ki ja, domin ƙarfin kwalabe ba ɗaya ba ne. Ki sami littafi ki riƙa rubuta lokaci da adadi da yatsun da ta ɗaga. Da wannan littafi likita zai san ko ya ƙara. Kwalbar kuma a kulle ta, makulli a hannun mutum ɗaya.

Kwana 2 ko 3 na farko za ta yi barci da yawa. Wani ɓangaren maganin ne, wani kuma bashin barci ne take biya. A nan ne iyalai da yawa ke tsorata su tsayar, kada ku tsayar. Tashin zuciya ma yakan zo a makon farko ya wuce, akwai maganinsa. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida. Duk mai shan morfin sai an haɗa masa da mai sassauta ciki tun ranar farko, irin su Dulcolax ko laktulos, ko da ba ta cin abin kirki. In ta kwana 3 ba ta zaga ba, ki faɗa, domin cushewar ciki kaɗai tana kawo amai da ciwo da ruɗewa. Alamomin da ke nuna magani ya yi yawa su ne a kasa tashinta daga barci, numfashi ya ragu ƙasa da sau 8 a minti, jiki yana zabura, ƙwayar ido ta tsuke ƙwarai. In kin ga haka ki dakatar da na gaba ki kira likita nan take. Ya fi faruwa ga wanda ƙodarsa ta yi rauni, don haka idan fitsarinta ya ragu sosai ki sanar.

Farasitamol yana tafiya tare da morfin yana ƙara masa ƙarfi, amma kada ya wuce giram 4 a yini, ga mai rama ko ciwon hanta ƙasa da haka. Ibufurofen da dikulofenak suna taimakon ciwon ƙashi, sai dai suna cin ciki da ƙoda, kada a saye su a kemis ba da sanin likita ba. Ciwon jijiya mai zafi yana bin hannu yakan buƙaci amitiriftilin ko gabafentin. Ina roƙonki kada a kira mai kemis ya riƙa yi mata allurar Fortwin a kan morfin, suna karo da juna, ciwon ma ya iya dawowa. Idan wuri ɗaya ne a ƙashi ya addabe ta, gasa wurin da hasken na'urar asibiti ko da zama 1 ne yakan rage shi sosai, ki tambaya ko jikinta zai ɗauki tafiyar.

Zama a gida ba ya nufin an rufe ƙofar asibiti. Idan sabon ciwon baya ya taso mata tare da sanyin ƙafafu, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce mata, a ranar za a nemi likita, domin wataƙila cutar ce ta danne lakar baya, kuma saurin magani na iya hana shanyewar ƙafa. Haka in ƙashi ya karye. Haka in cikin kwana kaɗan ta rikice da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da taurin ciki, wannan yakan zama sinadarin kalsiyam ne ya hau a jini saboda cutar da ke ƙashi, kuma ana iya sauke shi.

Sai abinci, wanda a gidajenmu ya fi komai tada rigima, domin mu da ciyarwa muke nuna ƙauna. Ba rashin ci ne ke ramar da Hajiya ba. Sankarar da ta yi nisa tana sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, tana cinye tsoka, tana kashe sha'awar ci, ko da za a ɗura mata abin duniya ba za ta yi ƙiba ba. Kamar ƙara hatsi ne a injin niƙa da ya tsaya. Ɗura yana kawo amai da kumburin ciki, in kuma ta ƙware abinci ya shiga huhu ya zama wata cutar. Ki ba ta abin da ranta ke so, a lokacin da take so, a ƙaramin kwano: cokali 2 ko 3 na kunu, romo, fura mai ruwa-ruwa, kankana, shayi da zuma. Ki zaunar da ita kafin ki ba ta. In ta kau da kai, ki ajiye ba tare da nuna ɓacin rai ba, domin da yawa suna tilasta wa kansu ci ne don kada 'ya'yansu su yi kuka. Dokokin da aka kafa mata a baya na hana gishiri ko zaƙi, ki tambayi likita, yawancinsu an wuce wurin.

Kawunku yana son ya ga ana yin wani abu, kuma ledar ruwa a rataye tana kwantar da hankalin mai kallo. Amma jikin da ya yi rauni ba ya riƙe ruwa a jijiya, sai ya tsiyaye ya taru a ƙafafu da ciki da huhu. Mai sankara a huhu, ƙarin ruwa kullum na iya ƙara mata haki da majina, ga neman jijiya da huda hannu kowace rana. A 2013 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum 129 masu sankarar da ta yi nisa, rabi ana sa musu lita 1 kullum, rabi mililita 100 kacal. Ba a ga bambanci ba a wahalar da suke ji, ko a tsawon kwanan da suka yi. Ƙarin ruwa yana da wurinsa, kamar in amai ko gudawa suka zubar mata da ruwa, ko kalsiyam ɗin nan ya hau. Likita ya sa don dalili, na kwana kaɗan, a duba ko ya amfane ta. Ƙishirwar da take ji yawanci bushewar baki ce, maganinta kuma yana hannunki: duk bayan awa 1 ko 2 ki jiƙa tsumma mai tsabta ko auduga ki goge mata harshe da dasashi, ki shafa man kaɗanya a leɓe, ki ba ta ƙanƙara ta tsotsa in tana iya haɗiya. In kin ga fari-fari a harshe ko tana jin zafin haɗiya, akwai maganin ɗigawa mai sauƙi.

Warin gyambo yana da illar da ta wuce hanci. Jikoki su daina shiga, 'yan dubiya su tsaya bakin ƙofa, ita kuma tana lura da komai tana jin kunya. Wasu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma yana jin magani. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri, ya huce. Ki jiƙa tsohon bandeji da shi har ya saki da kansa, kada ki fizga, jini zai ɓalle. Ki zuba ruwan a hankali ba tare da dirzawa ba. Ban da sifirit, ban da Dettol. Sannan, da amincewar likita, ki daka ƙwayar metronidazol, wadda aka fi sani da Flagyl, ta yi laushi, ki barbaɗa a kai ki rufe. Cikin kwana kaɗan za ki ji bambanci. Ki ajiye gawayi a kwano a ƙarƙashin gado, ki buɗe taga. Turaren wuta kuwa a fitar da shi daga ɗakin, shi da maganin sauro na hayaƙi, domin mai cuta a huhu hayaƙi shaƙe ta yake yi. Ki tanadi tawul mai duhun launi kusa. In jini ya ɓalle ki danna da shi, ki zauna da ita, wani ya kira likita.

Idan haki ya taso, ki zaunar da ita ta ɗan sunkuya kan matashi, ki sa fanka ko mafici iska tana bugun fuskarta, ki rage mutane, ki yi mata magana a hankali, domin tsoro da haki suna ƙara wa juna ƙarfi. Morfin ɗin nan ɗan kaɗan shi ne babban maganin haki. Iskar oksijin tana amfani ne idan an auna an ga ta ragu a jini, kada ku ci bashi don tukunyarta kafin a auna. In ruwa ne ya taru a gefen huhu, ana zuƙe shi a asibiti ta sami sarari. Fata kuma, a riƙa juya ta duk bayan awa 2 zuwa 4, a duba ƙugu da duwawu da dunduniya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, shimfiɗa ta kasance a bushe. Mutum 2 su ɗaga ta da zanen gado, kada a ja ta ta hannu, ƙashinta ba shi da ƙwari yanzu.

Kin ce ba ku gaya mata komai ba. Matar da ta shekara 3 tana zaryar asibiti, ta ga an daina kemo, ta ga ana fita tsakar gida ana ƙus-ƙus, da wuya a ce ba ta gane ba. Abin da na fi gani shi ne uwa tana ɓoye wa 'ya'ya, 'ya'ya suna ɓoye wa uwa, kowa yana kuka shi kaɗai. Ba na cewa a je a tsaya a kanta a yanke mata kwana, wannan ba hurumin kowa ba ne, likita ma kintace yake yi. Buɗe mata ƙofa za a yi. A lokacin da ciwo ya lafa, ɗaki ba kowa, ki ce, "Hajiya, yaya kike ganin jikin nan? Akwai abin da kike so in tambayo miki wurin likita?" Sai ki yi shiru. In ta kau da zancen, ta ba ki amsa, ki ƙyale ta, wata rana ki sake. In ta tambaya kai tsaye, kada ki ce mata ta kusa warkewa. Ki ce, "Sun ce maganin ya daina kama cutar, yanzu rage miki ciwo za a bi, kuma muna nan tare da ke." Idan kunya ba za ta bari ba, a nemo ƙanwarta ko aminiyarta ko malamin da ta yarda da shi.

Na dage a kan wannan ne saboda akwai abubuwan da ita kaɗai za ta iya warwarewa: bashin da ake bin ta da wanda take bi, zubin adashi, ajiyar da wani ya ba ta, ramuwar azumi, wasiyyar da take son yi cikin sulusin dukiyarta, 'yar'uwa ko abokiyar zama da take son su yafi juna, ɗan da ke nesa da take son gani. Ƙarfin yin wannan yana ƙarewa kafin rai ya ƙare, wani lokaci da makonni. Sau da yawa kuma ciwon da ya ƙi jin magani yakan sauka bayan an sauke irin wannan nauyi. Salla ma tana damun su ƙwarai. A kawo mata dutse ko ƙasar taimama kusa, a tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, cewa a yi salla a tsaye, in an kasa a zaune, in an kasa a kan gefe. Batun tsarki ga mai robar fitsari ko kunzugu, malami ya yi mata bayanin sauƙin da aka yi wa mai larura.

Yayanku da kawunku, kada ki yi ja-in-ja da su ke kaɗai. Ki roƙe su su raka ki wurin likita su ji da kunnensu, kuma ya kasance yayanku ya kwana ɗakin dare ɗaya ya ga abin da kike gani. A ba kowa aiki: wani sayen magani, wani kwanan dare, wani tsare ƙofa. 'Yan dubiya su shiga biyu-biyu, su yi addu'a su fito, masu labarin wane da ya mutu da irin cutar a tare su a zaure. Za a kawo muku labarin mai maganin da ke warkar da sankara, ko asibitin wata ƙasa, a ce a sayar da gona. Kafin a kashe ko sisi a tura takardunta ga likitan sankara ya faɗi gaskiya. Tofi da addu'a da zamzam ba su da illa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna iya taɓa ƙoda da hanta, morfin ya taru a jiki, kuma kada a yarda a tsaga gyambon ko a cusa masa wani gari. Ke ma ki nemi mai karɓarki ki yi barci na awa 5 ko 6 a jere. Mai jinyar da ba ta barci ita ke kuskuren awo.

Idan lokaci ya matso akwai alamu, gara ki san su kada su firgita ki. Barci zai yawaita har ya zama da ƙyar take farkawa. Za ta daina sha, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Numfashi zai riƙa sauri, ya ja baya, ya tsaya na daƙiƙoƙi, ya dawo. Wataƙila ki ji kakari a maƙogwaro. Yawu ne da majina da ta kasa haɗiyewa iska ke bi ta cikinsu, ya fi damun masu saurare fiye da ita. Ki juya ta kan gefe, ki ɗan ɗaga kai, ki goge abin da ya fito. Kada a zura roba ana zuƙa, in ana ƙarin ruwa a tsayar, allurar Buscopan kuma takan rage taruwarsa. Kada a ɗura ruwa a bakin wadda ba ta haɗiya, ko da zamzam ne, a jiƙa auduga a shafa mata. In ta shiga magagi tana fizge-fizge ko tana kiran waɗanda suka rasu, ki fara taɓa mararta ko fitsari ne ya taru, ki tuna yaushe ta zaga, ki duba goshi ko ciwo ne. Kada a ɗaure ta, kada a yi mata gardama. In bai lafa ba akwai magani irin halofaridol. Morfin kuma ba a tsayar da shi don ta daina haɗiya ko ta daina magana. Tun yanzu ki tambayi likita yadda za a koma ba ta, ɗigawa a gefen kunci ko allura a ƙarƙashin fata, a tanadi kayan kafin daren da za a buƙace su. Ku kuma yanke shawara tun da rana tsaka, in numfashi ya sauya za a zauna ne ko za a ɗauke ta, domin fita cikin ruɗani yakan ƙare da cikawa a mota ko a kan benci a sashen gaggawa.

Ku ɗauka tana jin ku har ƙarshe. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda aka yi a wani gidan jinya a Bankuba ta Kanada, ya nuna ƙwaƙwalwar wasu da suka daina amsawa tana ci gaba da amsa sauti a sa'o'insu na ƙarshe. Saboda haka ban da zancen gado ko na likkafani a kanta. Ki riƙe hannunta, ki faɗi sunanki, ki nemi yafiyarta, ki gaya mata kun yafe mata. Laƙƙana kalmar shahada, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim, a hankali ake yi kusa da kunne, ba da tsawa ko naci ba. In ta faɗa sai a ƙyale ta, sai in ta sake wata magana. In harshe ya yi nauyi ba ta furta ba, kada kowa ya fassara shi da mugun abu, rauni ne na jiki.

In numfashi ya tsaya, a dakata mintoci, domin dogon tsaikon nan yana ruɗarwa, kuma a samu ma'aikacin lafiya ya tabbatar kafin a sanar ko a fara shirin wanka. A rufe mata ido kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rufe wa Abu Salama, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi, a cire roba in akwai. Ragowar morfin a mayar da shi inda aka karɓo, kada a ajiye, kada a ba wani mai ciwo. Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce ta yi tafiya.

Ke kuma, bayan an watse daga zaman makoki ne jikinki zai gaya miki abin da kika ɗauka. Wasu masu jinya sukan ji wani sauƙi a ransu sannan su ji kunyar jin sa, wannan ba laifi ba ne, gajiya ce da ganin wahalarta ta ƙare. In aka yi watanni ba kya barci, ba kya ci, ba kya iya harkokinki, ki je asibiti ki faɗa. Kuma idan hankali ya kwanta, ke da 'yan'uwanki mata ku je a duba ku, ku gaya wa likita cutar da Hajiya ta yi da shekarunta lokacin da aka gano ta, domin 'yar wadda ta yi sankarar nono haɗarinta ya ɗara na sauran mata, kuma sankarar da aka gano da wuri galibi ana warkar da ita.